Dokin da ƙugu ya kama: turke da allura, lalas, allurar mahaɗa, ko ja da hannu?

Dokin da ciwon ƙugu ya kama ba kasafai yake ɗingishin da kowa zai gani ba. A ja shi da ragama daga barga zuwa bakin titi, tafiyarsa lafiya lau. Sai an ɗaura sirdi an hau, an nemi ya tashi daga sassarfa ya shiga sukuwa, sannan zai noƙe. Ya kwantar da kunnuwa, ya yi ta kaɗa wutsiya, ƙafafun baya su riƙa tashi tare suna sauka tare irin tsallen zomo, wani lokaci har da tutsu. Mahayi ya ce baya ba ya turowa. Mai doki ya ce lalaci ne, a ƙara masa ƙaimi. Sai wata biyu ko uku sun wuce, an tsaya a bayansa an ga kuturi ɗaya ya fi ɗaya faɗawa, sannan a yarda ciwo ne.

Daga nan abin da ke gaban mai doki a Maradi bai wuce huɗu ba: ya ɗaure shi a turke ya bi shi da allurar kashe zafi, ko ya kira mai lalas, ko ya nemi ƙwararren likita ya yi masa allura a mahaɗar kanta, ko kuwa ya ɗauki watanni ana jan dokin da hannu ana sake gina masa tsoka. Ra'ayina tun daga farko: ukun farko babu wadda take mayar da doki filin sukuwa ita kaɗai. Ta huɗun ce ke yin aikin, sauran sai dai su buɗe mata ƙofa ko su rufe.

Wurin da ake magana a kai shi ne inda ƙashin baya ya haɗu da ƙashin ƙugu. A ƙarshen gadon baya, kafin a kai wutsiya, akwai ƙasusuwa 5 da suka manne suka zama ɗaya, ƙashin ƙugu kuma ya yi fiffike ya rufa a kansu dama da hagu. Mahaɗar ba ta motsi sai ɗan kaɗan. Jijiyoyi masu ƙarfi ne suka ɗaure ta sama da ƙasa, kuma duk ƙarfin da ƙafar baya ta tunkuɗo daga ƙasa, ta nan yake bi ya isa sauran jiki. Tana can ƙarƙashin nama mai kauri, hannu ba ya kai mata. Abin da hannu ke taɓawa tsinin ƙashi biyu ne a ƙololuwar kuturi. In ɗaya ya fi ɗaya tudu mutane sukan ce ƙugu ya goce, alhali akwai dawakai da yawa masu wannan siffa da suke aikinsu ba ciwo ba komai.

Irin hawan da muke yi kuwa kai tsaye wannan wuri yake duka. A sako doki a guje, a zo gaban Sarki a ja linzami lokaci guda, ya durƙusa kan ƙafafun baya ya zame: jafi ke nan, abin sha'awa ga mai kallo, amma nauyin doki da mahayi da kayan ado duk a ƙugu yake sauka. Ga santsin kwalta. Ga dokin da ya yi wata uku a turke yana cin gero, ana jibi Sallah a fito da shi ƙilisa. Ga dukushin da ake hawa tun yana shekara 2, alhali ƙasusuwan bayansa ba sa gama ƙosawa sai ya haura 5.

Kafin a zaɓi magani

Abin da ya fi ɓatar da kuɗin mutane shi ne ciwon ƙugu sau da yawa ba a ƙugu ya fara ba. Likitar dawaki Sue Dyson ta Newmarket a Ingila, ita da abokiyar aikinta, sun bi bayanan dawakai 296 masu ciwon wannan mahaɗa daga 2004 zuwa 2014. Mafi yawansu suna da wani ciwon a ƙafar baya, galibi a jijiyar nan mai kauri da ta taso daga ƙasan gwiwar baya, ta bi bayan ƙwauri ta sauka ta riƙe wuyan ƙafa. Doki yana kare ƙafa mai ciwo, yana karkata jiki wata da watanni, ƙugu ya ɗauki wahalar. A yi wa ƙugu magani a bar ƙafa, ciwo zai dawo.

Akwai kuma abubuwan da ke kama da shi amma maganinsu daban, har ma kishiya. Dokin da ya kwana lafiya ya tashi ba ya iya taka ƙafa ɗaya ko kaɗan, a fara da kofato: ƙusa, ƙaya, ko mugunya da ta taru a ciki. Kofaton zai yi zafi, in an matsa shi doki ya fizge. In kofato lafiya yake, a yi tunanin karaya ko tsagewar ƙashi, kada a motsa shi. Dokin da ya sandare ana tsakiyar hawa, gumi na zuba, naman kuturi ya yi tauri, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, wannan tsoka ce ta narke saboda hatsi mai yawa da rashin motsi. Shi ba a tilasta masa tafiya, kuma ruwa yake buƙata kafin kowace allura. Wanda ƙafarsa ke maƙalewa a miƙe ta baya, yana jan bakin kofato a ƙasa sannan ta saki da ƙarfi, ƙoƙon gaɓar sama ne ke sarƙewa, kuma zaman turke ƙara masa yake yi. Wanda yake tangaɗi da baya, ga rama ga zazzaɓi ga fatar ido ta yi fari, jini za a ɗiba a duba cututtukan da kaska da ƙudaje masu cizo ke sawa.

Duba na gaskiya ba ya buƙatar na'ura mai tsada a matakin farko. Likita zai tsayar da doki a fako, ƙafafu daidai, ya tsaya a bayansa ya kalli kuturi biyu. Ya danna tsinin ƙashin nan da yatsu ya ga ko zai durƙusa. Ya sa a ja shi da tafiya, sannan da sassarfa, a tafi a dawo, yana kallon wane ƙugu ne ya fi hawa da sauka, wace ƙafa ce ba ta kai taku. Ya ɗaga ƙafar baya ya lanƙwasa ta kamar minti ɗaya, ya saki a ruga da doki nan take. Sannan ya ce a ɗaura sirdi a hau, domin na ƙugu a ƙarƙashin mahayi yake tona kansa. A irin wannan wuri za ka ji mai doki ya ƙosa:

"Likita, ba allura za ka yi mashi ba?"

"Alhaji, bari mu san inda ciwon yake tukuna."

Sai ɗan barga, wanda ba a tambaye shi ba tun farko, ya ce a hankali: "Ranka shi daɗe, ai tun kaka in za a yanke mashi kofato ba ya yarda a ɗaga ƙafar baya, sai ya jingina da mutum." Wannan maganar ta fi rabin binciken amfani, domin dokin da ƙugu ke damu yana ƙin tsayuwa kan ƙafar baya ɗaya. In likitan yana da hannu, zai ci gaba da allurar kashe jijiya daga ƙasa zuwa sama: ya kashe kofato a sake gudu, ya kashe wuyan ƙafa, ya kashe ƙasan gwiwar baya. Inda ɗingishi ya ɓace, nan ciwo yake.

Turke da allura

Ita ce mafi araha, kuma tana da wurinta. Dokin da ya zame jiya ya buɗe ƙafafu, ko ya faɗi wajen jafi, hutu yake so da abin rage kumburi. Maganin da aka fi amfani da shi ga dawaki shi ne phenylbutazone. Yawanci miligiram 2.2 ne kan kowane kilo na nauyin doki, sau biyu a rana, na 'yan kwanaki, kuma likita ne ya kamata ya ƙayyade. Tazarar da ke tsakanin magani da guba a cikinsa ƙanƙanuwa ce. In ya yi yawa ko ya daɗe yana cin bangon tumbi da babban hanji, in kuma doki bai sha ruwa sosai ba yana taɓa ƙoda. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na allura cikin jijiyar jini kaɗai ake yin sa. In ya zuba a nama ko a gefen jijiya, wurin ruɓewa yake yi. Wanda hannunsa bai faɗa ba gara ya ba da na baki.

Sai desametazon, wanda ake saye a ranar kasuwa kamar goro. Yana kwantar da kumburi da sauri, doki ya ware, mai shi ya ji daɗi. Amma maimaita shi yana rage garkuwar jiki, kuma ana jin tsoron ya jawo kumburin naman da ke riƙe ƙashi a cikin kofato, ciwon da ya fi na ƙugun muni nesa ba kusa ba. Masu ɗura wa doki tramol ranar sukuwa kuwa ba magani suke yi ba, kashe masa ji suke yi don ya yi gudu a kan jijiyar da ta fara tsinkewa.

Aibin wannan hanya biyu ne. Na farko, zafi na kwanciya a ce ya warke, a hau. Jijiya ba ta haɗewa a sati ɗaya don an daina jin ta. Na biyu, turke ba hutu ba ne irin wanda ƙugu ke so. Doki a ɗaure da dabaibayi, tsaye wuri ɗaya dare da rana, naman kuturi da na gadon baya yana zubewa, kuma wannan naman shi ne ke tallafe mahaɗar. Bayan wata biyu za a kwance doki wanda ciwonsa ya lafa amma ya fi dā rauni. In za a huta da shi, a kewaye masa wuri da danga, kamar taku 4 zuwa 5 kowane gefe, a sake shi ciki ya juya ya kwanta ya tashi da kansa. A rage gero da dusa sosai, a ƙara harawa da ciyawa, ruwa kuma kada ya yanke.

Lalas

Ba na raina tsofaffin masu dawaki. Da yawansu suna gane ƙafar da ke ciwo daga nesa kafin mai takarda ya gama zagaya doki. Amma ƙarfe mai zafi fata yake ƙonawa, mahaɗar kuma tana can ciki, nama mai kauri ya shiga tsakani. Turawa ma sun daɗe suna yi wa dawakinsu lalas a jijiya da gaɓa, yawancin likitocinsu suka bari da aka duba aka ga ba ya ƙara wa jijiya ƙarfi. Sauƙin da ake gani bayan lalas yana da dalili: doki mai gyambo a kuturi ba ya hawuwa sati huɗu ko shida, hutun dole ne ya yi aikin. Ana iya samun wannan hutu ba tare da ƙuna ba. Ga kuma abin da ke biyo bayan ƙunar. Doki yana cikin dabbobin da cutar sarƙe-haƙora ta fi kamawa, kuma kaɗan ne cikin namu aka yi wa rigakafinta. Da damina ƙuda zai yi ƙwai a gyambon. Tabon kuma yana nan har ranar sayarwa.

Kayar da doki da igiya a ja ƙafa wai a mayar da targaɗe ya fi lalas haɗari. Ƙarfin mutane ba ya matsar da wannan mahaɗa, kokawar kayarwar kuwa tana iya ƙarasa jijiyar da ta rage. Abin da ya cancanci a riƙe daga gargajiya shi ne gashi da ruwan ɗumi da tausa da man kaɗanya. Ba sa kai wa mahaɗa, amma suna sassauta naman da ya ɗaure a kewayenta, kuma suna sa hannu ya riƙa bin jikin doki kullum, a ga canji da wuri.

Allura a mahaɗa

Wannan ita ce ta masu hali. Ana kwantar wa doki da hankali da magani, a aske wurin a wanke, a shiga da allura mai tsawon santimita 15 zuwa 25, a bi ƙarƙashin fiffiken ƙashin ƙugu, ana kallo a na'urar eko mai nuna cikin jiki, a zuba maganin kumburi mai daɗewa kusa da mahaɗar. In an dace doki yana samun sauƙi na makonni ko watanni. Kusa da wurin babbar jijiyar da ke motsa ƙafar baya take wucewa, ga jijiyoyin jini, shi ya sa ba aikin kowa ba ne. Wanda ya iya yi wa saniya allura a wuya, wannan ba layinsa ba ne, kuma duk wanda ya ce zai yi ta a tsakar gida da allurar shanu, a sallame shi.

Mai neman irin wannan aiki yawanci sai ya duba kudu: asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko likitocin da ke bin dawakin folo na Katsina da Kano da Kaduna. A fara yin waya a tabbatar akwai mai yin ta da kayan yin ta kafin a loda doki. Katsina ba ta kai kilomita 100 ba daga nan, amma hanyar Ɗan Isa da Jibiya kowa ya san halin tsaronta, ga takardun ƙetare iyaka da dabba, ga canjin sefa zuwa naira. Sannan tsayuwar awanni a bayan mota, doki yana tokare ƙafafu a kowane rami, ita kanta duka ce ga ƙugu. Sau da yawa kawo likitan ya fi kai dokin sauƙi, musamman in masu dawaki biyu ko uku suka haɗa kuɗin. Hoton ƙashin ƙugu cikakke sai an sa doki barci an kwantar da shi. Na'urar da ke nuna inda ƙashi ke aiki fiye da kima ta hanyar sinadari a jini kuwa ta manyan asibitocin Turai da Amurka ce, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Amfanin wannan allura ɗaya ne: dokin da zafi ya hana shi yin atisaye daidai, ta ba shi sarari ya yi. Wanda ya biya kuɗinta ya hau bayan sati ɗaya ya tafi sukuwa ya zubar da kuɗinsa.

Ja da hannu

Wannan ba ta cin kuɗin magani, lokaci take ci da amana. In ciwon sabo ne, kwana biyu ko uku na farko a riƙa zuba ruwan sanyi a wurin, doki ya yi sati 4 zuwa 6 a cikin danga. In tsohon ciwo ne da ya daɗe yana cin doki a hankali, dogon hutu ba shi da amfani, a fara tafiya da wuri. Minti 10 bayan asuba, minti 10 bayan la'asar, a ƙara minti 5 kowane mako har a kai rabin awa ko fiye. Tafiya ta sosai, doki yana miƙa ƙafa yana taka inda ta gaba ta tashi, ba jan ƙafa yaro na gaba yana latsa waya ba. A miƙe, ba kewaye a ƙaramin da'ira ba.

Ƙasar da ake takawa ita ce inda muke yawan kuskure a nan. Rairayin Gulbin Maradi da rani yana da taushi, mutane suna ganin tausayi ne a kai gurgun doki can. Amma ƙafa tana nutsewa, wuyan ƙafa ya sauka ƙasa, jijiyar bayan ƙwauri ta miƙe fiye da kima, ƙugu kuma ya yi ta fama wajen cire ƙafa. Rairayi mai zurfi na lafiyayyen doki ne da ake son ya ƙara ƙarfi. Mai jinya fako yake so, ko hanyar gona da ta daddale. Shiga ruwa iyakar gwiwa a yi tafiya yana da kyau in ƙasan wurin tabbatacce ne, amma gefen tafkin Madarumfa inda laka take ba wurinsa ba ne, iyo kuma yana sa doki ya lotsa baya, abin da ake gudu.

A wata na biyu zuwa na uku a shigo da sanduna. A jera itace 4 ko 5 a ƙasa, tazarar kamar santimita 80, doki ya tsallaka da tafiya, dole ya ɗaga ƙafa ya lanƙwasa gaɓoɓi. A hau ɗan tudu marar tsayi a sauko a hankali. A sa shi ya ja da baya taku biyar ko shida a miƙe. Dokin da ƙoƙon gaɓarsa ke sarƙewa, wannan hawan tudu shi ne babban maganinsa.

Akwai kuma miƙa da ake yi a tsaye, wadda da farko 'yan barga kan ɗauka wasa ce. Ka tsaya a gefen kafaɗarsa da ɗan dunƙulen harawa a hannu. Ka kai shi tsakanin ƙafafun gaba, ya sunkuyo ya bi, gadon baya ya tashi sama. Ka riƙe 'yan daƙiƙoƙi kafin ka sakar masa. Sannan ka kai harawar wajen haƙarƙari, ya lanƙwaso wuya ya ɗauka ba tare da ya matsar da ƙafa ba, sannan wajen kwiɓi, dama da hagu. Za ka ga gefe ɗaya yana kaiwa cikin sauƙi, ɗayan sai ya yi dabara ya juya gindi. Wannan gefen ne mai aiki. A Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, Hilary Clayton da abokan aikinta sun sa dawakai 8 irin wannan miƙa sau biyar-biyar, kwana 5 a mako, wata 3, suka auna da eko, a rahotonsu na 2011 suka ce sun ga ƙananan tsokokin da ke riƙe ƙashin baya sun ƙara kauri. Haka nan sosa ƙasan ciki da yatsu har ya ɗaga baya, da riƙe wutsiya daga gefe a ja a hankali ya tokare ya ja kansa. Mai harbi dai a san da shi, a tsaya a gefe.

Sassarfa tana zuwa bayan tafiya ta daidaita, da hannu ko a jawo shi daga kan wani doki. Sannan mahayi marar nauyi, tafiya kawai. Sukuwa a ƙarshe, wata na 4 zuwa na 6, a miƙe, ba birki. Jafi shi ne ƙarshen ƙarshe, wani dokin ma ya yi bankwana da shi ke nan. Duk matakin da aka ƙara aka ga washegari ya fi jiya tauri, a koma na makon baya.

Abu biyu suna rushe duk wannan wahala in ba a gyara su ba. Kofaton baya da bakinsa ya yi tsawo, dunduniya ta kwanta, yana ƙara wa jijiya da kuturi aiki a kowane taku. A riƙa gyara shi duk sati 5 ko 6, kaɗan-kaɗan, ba a datse lokaci ɗaya ba. Sai sirdi. In an sauke shi a duba gumi: inda ya bushe a tsakiyar jiƙa, ko inda farin gashi ya fito, katako na danna wurin. Ƙarin jalala ba ya gyara sirdin da ya yi wa doki ƙunci. Ana kuma yawan ba da shawarar kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki. Dokin kilo 300, kilo 60 ke nan har da sirdi. Kowa ya auna kansa da rawani da alkyabba.

Raunin wannan hanya mutum ne. Ingarman da ya huta ya ƙoshi yana wahalar ja, sai an sa masa linzami, kuma yaro kan gaji ya ɗare bayansa da zarar an sha kwana. Dabarar da na ga tana aiki ita ce waya: duk Juma'a a ɗauki bidiyon doki daga baya da daga gefe, a wuri ɗaya, da tafiya da sassarfa. Mai doki yana gani ko yana Yamai, likita yana gani, kuma ido ba ya yaudarar kansa. Ɗan ihisani ga ɗan barga a ƙarshen kowane wata ya fi kwalbar allura arha.

Wanne ga wane doki

Sabon rauni daga faɗuwa ko zamewa: danga, phenylbutazone na 'yan kwanaki a hannun likita, sannan ja da hannu. Allurar mahaɗa ba ta da gaggawa a nan. Tsohon ciwo, kuturi ya faɗa, doki yana ƙin sukuwa: a binciki ƙafa, a gyara kofato da sirdi, a fara aiki. In bayan sati 6 zuwa 8 zafi yana hana shi atisayen, nan ne kuɗin allurar mahaɗa yake halatta. Tsohon doki mai sanyin ƙashi a ƙananan gaɓoɓin gwiwar baya, wanda ke fitowa a sandare ya ware bayan ɗan tafiya, shi motsi kullum yake so ba turke ba. In kuwa jijiyar bayan ƙwauri ce ta daɗe da lalacewa, a faɗa wa mai shi gaskiya: a ƙafar baya hutu kaɗai ba kasafai yake mayar da doki aiki mai tsanani ba, a Turai tiyata ake yi mata.

Sai lissafin Sallah, wanda shi ne ainihin abin da ke tura mutane ga allura da wuta. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kwana 70 ne ko kusa da haka, mako goma. Dokin da ya ji ciwon jijiyar ƙugu a hawan ƙaramar Sallah, a mako na goma yana tsakiyar tafiya da sanduna ne. Zai iya fita a ja shi cikin ayari da ado marar nauyi, ko yaro ya hau shi da tafiya in ya samu sauƙi sosai. Jafi a ƙofar fadar Sarkin Katsinar Maradi ko ta Tibiri kuwa sai baɗi. A ari wani dokin.

Wanda ya yi wata shida ana bin tsari bai dawo ba, har yanzu yana da amfani a hawan tafiya. Masu cewa a mayar da shi ga kiwo su tuna ingarma kan ƙafafun baya yake miƙewa wajen barbara, goɗiya kuma wata 11 take ɗauke da ciki a kan wannan ƙugun, don haka a tambayi likita kafin a yanke. In sayarwa ce, aibi ne da ya wajaba a bayyana, ba a rufe shi da allura ana gobe kasuwa ba. Mai saye kuma kada ya tsaya ga ja da ragama. Ya sa a hau a gabansa, a yi sukuwa a juya dama a juya hagu, ya ɗaga ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya, ya duba wuya ko akwai sabon kumburin allura. In da hali ya nemi dokin ya kwana uku a bargarsa kafin ya cika kuɗi, domin zuwa lokacin phenylbutazone ya sake shi.